Ƙanwata a wurin aiki ta yi kuskuren allura, yaro ya rasu, yanzu ita ma tana neman zaucewa. Mi za mu yi mata?

Sista_Rabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya da sauran jama'ar gidan ga. Don Allah shawara nika nema, kuma ina roƙo kar kowa ya tambaye ni sunan asibiti ko sunan yarinyar don ba zan faɗi ba, nan cikin jihar Zamfara ne dai.

Akwai wata ƙanwata a wurin aiki, shekararta biyu da kama aiki, yarinya ce mai natsuwa wadda in ta ɗaura ma yaro ledar ruwa sai ta tsaya ta ƙirga ɗigon da agogon hannunta. Sati ukku da sunka wuce tana dutin dare a ɗakin yara, ita kaɗai sai mai shara, kun san yadda damina take da zazzaɓi, gadaje sun cika har an shimfiɗa tabarmi ƙasa, wani gadon ma yara biyu. Cikin yaran akwai Muhammadu biyu, sunan uban ma kusan iri ɗaya, guda ɗan shekara shidda, guda ko shekara bai cika ba. An ɗauke wuta, janareto babu mai, da fitilar waya a baki take aiki. Sai ta ɗauki allurar babban ta yi ma ƙaramin. Kafin ta ƙare zagaye ta gane da kanta, ta ruga ta taso likita, anka yi abin da za a iya amma yaron bai kai asuba ba. Da ma ya zo jiki ya yi nisa, jininshi ya yi ƙasa ƙwarai, likitan ma ya ce ba zai iya rantsuwa cewa allurar ce ta kashe shi ba. Amma ita ta riga ta yanke ma kanta hukunci.

Tun ranan ba ta barci, ba ta cin abinci, in ta zo sa ma yaro kanula, wato allurar ɗaura ruwa a jijiya, hannunta rawa yake har sai ta kira wani. Shekaranjiya na iske ta bakin famfo tana ta wanke hannu tana kuka, tac ce mani "Anti in na rufe ido ƙafar yaron nika gani da ɗan baƙin zaren da uwarshi ta ɗaura mai." Ta ce aje aikin za ta yi ta koma saida atamfa. An ba ta takardar tuhuma ta amsa, daga nan babu wani babba da ya kira ta ko da sannu ce. Ni kaina ban san mi zan ce mata ba, in na ce ƙaddara ce sai ta ce "to dommi ƙaddarar ta biyo ta hannuna?" Waɗanda sunka taɓa shiga irin wanga hali, don Allah mi anka yi maku da ya taimaka?

Maman_Ilham:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, ita kuma Allah ya sanyaya mata. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi.

Abu_Khalifa:
Ku yi haƙuri, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne amma dole in yi magana. Duk rubutun nan da kika yi Sista, layi nawa kika ba uwar yaron? Ita wa ke lallashinta? An ma gaya mata abin da ya faru ko an naɗe mata gawa a zane an ce kwana ya ƙare? Ni matata ta rasu wurin haihuwa shekara huɗu ke nan, har yau babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da ya faru, sai daga baya na ji a bakin wata mai shara cewa jinin da na saye da kuɗina ba a ɗaura shi ba sai da ta riga ta galabaita. Yanzu kuma ana so mu tausaya wa mai allura.

Dr_Bello_BK:
Abu Khalifa Allah ya jiƙan iyalinka, ya raya abin da ta bari. Maganarka gaskiya ce kuma babu wanda zai musa, wanda aka fara cuta shi ne mara lafiya da danginsa, wannan ba abin jayayya ba ne.

Amma Sista Rabi abin da kike gani a jikin yarinyar nan sananne ne, har suna gare shi. Wani likita a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Albert Wu, ya yi rubutu a mujallar likitoci ta BMJ a shekarar 2000 inda ya kira ma'aikacin da kuskure ya faru a hannunsa da wanda abin ya cinye na biyu. Shekara ɗaya kafin nan, 1999, aka fitar da wani babban rahoto a Amurka da ya ƙiyasta mutum 44,000 zuwa 98,000 na mutuwa duk shekara a asibitocinsu saboda kuskuren aiki. Ƙasar da ba a ɗauke wuta ke nan fa. Abin da ake gani ga irin waɗannan ma'aikata shi ne rashin barci, abin ya riƙa dawo musu a ido kamar yanzu yake faruwa, tsoron taɓa mara lafiya, da jin cewa ba su cancanci rigar ba. Wasu su warke su ƙara ƙwarewa, wasu su ci gaba da aiki da ciwon a ciki, wasu su bar aikin baki ɗaya. Abin da yake raba waɗannan hanyoyi sau da yawa shi ne yadda abokan aiki suka karɓe su a kwanakin farko.

Kuma don in yi wa Abu Khalifa adalci, a 2019 wasu iyalan marasa lafiya sun rubuta a wannan mujallar dai cewa a daina amfani da wancan suna, don yana sa a manta da wanda ya mutu. Ka ga ba kai kaɗai ke jin haka ba.

Ungozoma_Argungu:
Sista Rabi bari in ba ki nawa, ban taɓa rubuta shi ko'ina ba. Shekarata ta huɗu da aiki anka kawo wata ƙaramar yarinya cikin fari tana jijjiga, na yi mata magnesiyam kamar yadda anka koya muna, na farko ta jijiya sannan a ɗuwawu. Bayan awa huɗu lokacin na gaba ya yi, ni kuma ina tsakanin mata biyu masu naƙuda, na yi mata ban duba numfashinta ba, ban buga gwiwarta ba, ban kalli ledar fitsari ba wadda ashe kusan babu komi ciki. Uwarta ce ta zo ta ja ni da riga ta ce yarinyar ba ta numfashi daidai. Allah ya sa akwai kalsiyam gulukonet cikin kwaba, allurar da ke karya ƙarfin magnesiyam, ita ta cece ta. Ta rayu, ɗanta ma ya rayu. Amma ni wata biyu in na ga kwalbar magnesiyam sai gabana ya faɗi.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne wata tsohuwar matiron, Allah ya jiƙanta. Ba ta yi mani wa'azi ba, ba ta ce ba komi ba. Ta kira ni ofis ta rufe ƙofa ta zuba mani kunu a kofi ta ce sha, sannan tac ce "ɗiyata ba ni labari tun daga sanda kika karɓi aiki." Na yi ta magana ina kuka ba ta katse ni ba. Da na ƙare sai ita ma ta ba ni nata da ya faru tun kafin a haife ni. Daga nan sati biyu duk allurar da zan yi tana tsaye bayana, ba ta cewa komi, tsayuwa kawai. Shi ke nan abin da tay yi, kuma shi ya sa har yau nika cikin aikin.

Hauwa_Talata:
Mama Ungozoma Allah ya saka. Ni ɗaliba ce ajin ƙarshe, wallahi ba a taɓa yi mana darasi a kan abin da mutum zai yi in ya yi kuskure ba, sai dai a ce kar ki yi. To in an yi fa?

Malam_Sani_Kaura:
Bismillah. Ina so in gyara wani abu a kan kalmar ƙaddara, don muna amfani da ita inda bai dace ba. Ƙaddara gaskiya ce, ajalin yaron nan rubutacce ne, amma ba a kafa hujja da ita don a rufe bincike ko a hana mai haƙƙi haƙƙinsa. A ɗaya ɓangaren kuma yarinyar nan ta sani ba ta cikin masu kisan ganganci. Allah ya ce a Suratul Ahzab aya ta 5 babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure, sai dai abin da zukatanku suka yi niyya. Akwai hadisin Ibn Majah cewa an ɗauke wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su. Hadisin Abu Dawud da ya ɗora lamuni kuwa yana magana ne kan wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba, ita kuwa ta yi karatu tana da lasisi.

Ɗauke zunubi daban, haƙƙin iyaye daban. Suratun Nisa'i aya ta 92 ta yi bayanin kisan kuskure, diyya ga dangi sai in sun yafe, da kaffara ta 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Ko wannan ya hau kanta ko bai hau ba ya danganta da ko allurar ce sanadi, don haka a kai ta wurin malami mai tsoron Allah tare da likitan da ya ga yaron, su zauna. Na sha ganin mutum ya samu natsuwa ne bayan an nuna masa ga abin da ke kanka ga wanda ba ya kanka, fiye da a ce masa manta kawai.

Abu_Khalifa:
To alhamdu lillahi Malam ya faɗi abin da ke raina. Har yanzu dai ba a amsa mani ba, an gaya wa iyayen?

Sista_Rabi:
Abu Khalifa ban ƙi tambayarka ba, ina kan aiki ne. Gaskiya ba a gaya masu ba. Mutanen ƙauye ne, tun da sassafe sunka ɗauki gawa sunka hau mashin, uban har godiya ya yi mata ya ce sannu da ƙoƙari Malama. Wannan godiyar ita ta fi komi ci mata rai, kullum sai ta maimaita ta. Ita tana son ta bi su ta faɗa masu, manya sun ce kar ta kuskura.

Pharm_Nasiru:
Ni abin da ke ba ni haushi shi ne a ba yarinya takardar tuhuma a rufe fayil a ce an yi hukunci. Wa ya ba da takardar tuhuma ga wanda ya bar nas ɗaya da ɗaki cike da yara? Wa ya tuhumi wanda bai sayi man janareto ba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yara biyu masu suna ɗaya a ɗaki ɗaya, a garuruwanmu da rabin yara Muhammadu ne ko A'isha, ai wannan kullum ne, me ya hana a riƙa ɗaura wa kowane yaro ɗan filasta a hannu da suna da shekaru da lambar kati? Ko naira nawa ne filasta? Mu a famasi akwai ƙananan kwalabe da in ka jera su ba ka bambance su sai ka karanta, fotasiyam kulorayid da ruwan haɗa allura misali, ɗaya in ya shiga jijiya kai tsaye zuciya ke tsayawa. Ni da kaina na raba musu kwaba na shafa jan fenti a guda, don na san wata rana gajiya za ta kama wani. In an kori yarinyar nan gobe aka kawo wata, ramin na nan yana jiran ta.

Dan_Anka:
Pharm kai ma kana maganar filasta. Mu nan ƙauye ni kaɗai ne a asibitin, ni ne likita ni ne nas ni ne mai gadi. An sha kawo mani mutum da harbin bindiga cikin dare, hanya ba ta biyuwa sai gari ya waye, ina danne da ciwon da hannuna har rai ya fita. Wannan ba kuskure na yi ba amma wallahi nauyin iri ɗaya ne, sai ka yi ta tunanin da na yi kaza da na yi kaza. Manyanmu da sunka yi aiki lokacin gubar dalma ta 2010, da yara ɗaruruwa sunka mutu yankin Anka da Bukkuyum, har yau akwai wanda in an ɗauko zancen sai ya tashi ya bar wurin. Wa ya taɓa tambayarmu ya muke kwana?

Nura_Jega:
Ai shi ya sa kowa ke neman hanyar fita. Abokaina uku suna Saudiyya yanzu, ɗaya Ingila. Wanda ya rage aiki ya ninka a kansa, kuskure ya ƙaru, shi ma ya fara neman fasfo.

Maman_Ilham:
Nura ka bar ganin waje kamar can ba a shiga wannan bala'in. Ni a Ingila nake aiki. Ku nemi labarin Dr Hadiza Bawa-Garba, 'yar Najeriya ce likitar yara. A 2011 wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a hannunta a garin Lesta, ranar ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, ma'aikata ba su cika ba tana riƙe da aikin fiye da mutum ɗaya, kwamfutar da ke fitar da sakamakon gwaji ta lalace na awoyi. Har ma a wurin ceto ta ɗauke shi a matsayin wani yaron daban na ɗan lokaci, irin dai rikicewar da ake magana a nan. A 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, a farkon 2018 aka soke sunanta daga rajistar likitoci, likitoci suka tashi tsaye suka tara kuɗi, a watan Agusta na shekarar ta ci ɗaukaka ƙara aka mayar da ita. Iyayen yaron kuma ba su ji daɗin hakan ba, kuma ba za ka ce ba su da dalili ba.

Abin da na ga ya fi namu a nan shi ne doka ta wajabta wa asibiti ya gaya wa iyali gaskiya in an cutar da mara lafiya, a ba su haƙuri, kuma babba ne ke jagorantar zaman ba a tura ƙaramar ma'aikaciya ita kaɗai ba. Sannan bayan abu ya faru ana tara waɗanda ke wurin a tattauna, a tambaye ka ko za ka iya ƙarasa aikin ranar.

Barista_Yauri:
Sista Rabi shawara ta fuskar doka. Na ɗaya kar ta taɓa foldar yaron, kar ta goge kar ta ƙara komai, kuma kar ta yarda wani ya sa ta. Kuskure abu ne da ake iya karewa, amma gyara takarda bayan abu ya faru shi ke kashe mutum a gaban kwamiti. Ta rubuta wa kanta duk abin da ya faru daren da lokutansa tun tana tunawa, yara nawa ne, ma'aikata nawa, ƙarfe nawa wuta ta tafi, ta ajiye. Ta sanar da ƙungiyarsu ta nas da ungozoma, NANNM, reshen wurin. Hukumar da ke da ikon ladabtar da ita a kan lasisi ita ce majalisar nas da ungozoma ta ƙasa, kamar yadda majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, take ga likitoci. Maganar zuwa wurin iyaye kuwa ina goyon bayan a gaya musu, haƙƙinsu ne, amma ba ta hau mashin ita kaɗai ta tafi ƙauye ba. Asibiti ne zai yi, da babban likita da wani dattijo ko limamin da suke jin maganarsa.

Sadiya_Gummi:
Barista a ƙasar nan? Ranar da aka faɗa ai ranar za a sa hotonta a Facebook a ce ga makashiya. Kun manta yadda 'yan uwan marasa lafiya ke marin nas a kan abin da bai kai wannan ba? Ni dai ina ganin a bar kaza cikin gashinta, yaro ya riga ya tafi.

Abu_Khalifa:
Sadiya wannan tunanin shi ya sa ba mu yarda da ku. Wallahi da a ce ranar wani ya zo ya ce mani Malam mun yi jinkiri, ka yafe mana, da na yafe a wurin. Abin da ban yafe ba shi ne yadda kowa ya sunkuyar da kai ya wuce ni kamar ban wanzu ba. Yarinyar da Sista ke magana a kanta ni yanzu na ji ta kwanta mani, tunda ita ce ke son faɗa ana hana ta.

Sadiya_Gummi:
Kai mai haƙuri ne Abu Khalifa, ba kowa ne kai ba. Allah ya jiƙan matarka.

Aliyu_Kware:
Ni nas ne ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, bari in dawo da mu kan yarinyar don ita ce a gabanmu yanzu. Sista Rabi sati uku ba barci ba abinci ga rawar hannu ga abin yana dawo mata a ido, wannan ya isa a ce wani ya gan ta. A kwanakin farko kusan kowa haka yake ji, amma in ya doshi wata guda bai sassauta ba to ba a barin sa. Ba sai kin ce mata asibitin mahaukata ba don kalmar kaɗai za ta sa ta gudu, ki ce za ku je ku ga likita a kan rashin barci, ki raka ta da kanki. Akwai likitocin wannan fanni a manyan asibitocin tarayya, ga kuma asibitin Kware a jihar Sakkwato. Kuma ki sa ido kar ta fara ɗibar dayazifam ko wani maganin barci daga kwaba tana sha, ma'aikatan lafiya sun fi kowa sauƙin faɗawa wannan don maganin na hannunsu.

Abu mai nauyi kuma, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin gara ta mutu. Mutanenmu na tsoron wannan tambaya suna ganin kamar za ka sa wa mutum tunanin, ba haka ba ne, tambayar ba ta sa shi, sau da yawa sauƙi take kawowa. Kar mu ce ai musulma ce ba za ta yi ba. A Amurka akwai wata nas a garin Siyatil da ta shekara 24 tana aiki a asibiti ɗaya, a 2010 ta ba jariri kalsiyam ninki 10 na abin da ya kamata, ita ta kai rahoton kanta, aka kore ta, bayan wata bakwai ta kashe kanta. In ƙanwarki ta amsa da e, kar a bar ta ita kaɗai, a kai ta ranar.

Kalmomin da ba sa taimako: "ki manta", "ai ba komai", "ni da ni ce da ban yi ba". Wanda ke taimako: "ina nan", "ba ni labari", "har yanzu ina yarda da aikinki".

Dr_Bello_BK:
Aliyu ya gama magana. In ƙara da cewa a can Johns Hopkins ɗin sun kafa wani tsari a 2011 mai suna RISE, ba wani abu ba ne illa ma'aikata 'yan uwansu da aka horar, akwai lambar da za ka kira dare ko rana wani ya zo ya saurare ka a asirce, ba ya rubuta rahoto ba ya kai wa shugabanni. Wannan ba ya bukatar janareto. Abin da matiron ɗin Mama Ungozoma ta yi ke nan da kofin kunu, bambancin kawai su sun mai da shi tsari, ba sai ka yi sa'ar samun mutumin kirki ba. Mu ma muna da tushe, zaman bitar mutuwar mata masu juna biyu da jarirai da ake kira MPDSR ƙa'idarsa ita ce ba a kama suna ba a ɗora laifi, sai dai a wurare da yawa yana komawa zaman tsire mutum a gaban jama'a.

Hauwa_Talata:
Dr to in ba a ɗora laifi ba, wanda ke sakaci da gangan fa? Akwai waɗanda ke barci a duti ko suna kan waya mara lafiya na kira.

Pharm_Nasiru:
Hauwa wannan daban. Wanda ya kulle ƙofa ya kwanta, ko ya zo aiki a buge, a hukunta shi. Ana tambaya ne, in ka ɗauko wata nas mai irin karatunta ka sa ta a wannan daren da wannan duhun da waɗannan yaran, za ta iya yin irin kuskuren? In amsar e ce to matsalar ta wuce mutum ɗaya.

Ungozoma_Argungu:
Sista Rabi kar ki bari ta aje aiki cikin wanga hali, ki ce mata ta jinkirta shawarar ko wata ukku. In ana iya maida ta wurin awo ko rigakafi na ɗan lokaci a cire ta dutin dare, amma a gaya mata a fili cewa ba horo ba ne, in ba haka ba za ta ɗauka an yanke ƙauna da ita. Kuma mijinta ko uwarta su san abin da ke faruwa, kar ta riƙa komawa gida da shi ita kaɗai.

Sista_Rabi:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka har na Sadiya, don tsoron da ta faɗa shi ne tsoron manyanmu. Yau bayan la'asar na tafi gidansu, ba ta da aure tana wurin uwarta. Ashe uwar ba ta san komi ba, ta ɗauka aljanu ne har an fara yi mata hayaƙi. Na zamna da su na yi bayani. Na yi mata tambayar da Malam Aliyu ya ce, bakina na rawa, ta yi shiru sannan tac ce ba ta yi tunanin yi ma kanta wani abu ba amma kullum tana roƙon Allah kar ta farka. Mun yi da ita ranar Litinin zan raka ta ganin likita, uwar kuma ta ce ɗakinta za ta riƙa kwana. Ta ci tuwo kaɗan a gabana.

Maganar iyayen yaron ita ce ban san yadda za ta kaya ba. Na yi ma incaj ɗinmu, wato shugabar ɗakinmu, magana ta ce in rufa mata asiri in bar zancen. Barista in na bi ta wurin babban likita kai tsaye na tsallake ta, akwai abin da zai iya biyo baya a kaina?

Barista_Yauri:
Ki rubuta a takarda ta hannun incaj ɗin zuwa ga babban likita, ki riƙe kwafi. Ki turo mani saƙo ta akwati in nuna miki yadda za ki tsara shi.

Dan_Anka:
Malam Aliyu ni ma in ba damuwa ina son lambarka ta akwati. Akwai abin da nika son in tambaye ka.

Aliyu_Kware:
Na tura maka. Ka kira bayan isha'i, ina gida.